Ko Ya Kamata A Hura Wa Kaji Wuta Da Hunturu?

A hutun ƙarshen shekara, mu 'yan ƙasar Yawuri da ke karatu a wannan makaranta muka koma gida, muka tarad da hunturu ya kankama. Hazo ya rufe tabki har mutum ba ya hangen jirgin da ke gabansa, tsofaffi kuwa ba su rabuwa da bakin wuta sai hantsi ya ɗaga. Da muka komo muka zauna hira, sai ɗayanmu, mutumin wani ƙauye na bakin ruwa a ƙasar Ngaski, ya ba mu labarin gwaggonsa. Tsohuwar nan tana da kaji 12, su ne dukiyarta duka. Da ta ga ɗari ya tsananta, tausayi ya kama ta, ta ɗebi garwashi cikin kasko ta sa musu a akurki, ta toshe ƙofa da tsumma don kada ɗumi ya fita. Gari ya waye, ta buɗe, ta iske 5 sun mutu, sauran suna tangaɗi, ko tsayuwa ba su iyawa. Ya ce mata, "Gwaggo, anya ba wutar nan ba ce?" Ta ce, "Haba ɗan nan! Wuta ta taɓa kashe mai jin sanyi? Ai garwashin ne ya yi kaɗan."

Nan fa gardama ta tashi tsakaninmu. Waɗansu suka ce tsohuwa ta yi gaskiya, gama kowa ya sani da hunturu kaji suka fi mutuwa. Waɗansu suka ce tun kakanninmu ba a taɓa hura wa kaza wuta ba, ga ta kuwa ba ta ƙare ba. Muka kai maganar gun malaminmu na aikin gona, ya ƙi raba mu, ya nuna mana ɗakin littattafai, ya ce mu je mu bincika. Abin da muka samo shi ne muka ga ya kamata mu rubuta, domin 'yan'uwanmu ɗalibai, waɗanda gobe za su zama malaman ƙauyuka, kuma lalle za a yi musu irin wannan tambaya. Kada wani ya ce maganar kaji ƙaramar magana ce. A ƙasarmu kaza ita ce asusun mace. Da ita ake sayen magani in yaro ya kwanta, ita ake yanka wa baƙo, ita ake sayarwa a sayi littafi da alƙalami. Da yawanmu kuɗin motar da ya kawo mu nan daga akurki ya fito.

Amsar a taƙaice ita ce: babbar kaza mai cikakken gashi ba ta bukatar wuta a ƙasar Yawuri, ko da wane irin ɗari ake yi. Ɗan tsako marar uwa kuwa yana bukata ƙwarai, in ba a ba shi ɗumi ba zai mutu. Ga dalilai.

Kuskuren da muke yi shi ne mu auna kaza da jikinmu. Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas, na kaza kuwa wajen digiri 41. Watau zafin da in ya kama mutum za a ce zazzaɓi ya yi tsanani a ruga da shi asibiti, shi ne zaman lafiyarta. Wannan zafi daga abincin da ta ci yake fitowa, jikinta yana ƙona shi dare da rana kamar murhun da ba a kashewa. Sa'an nan Allah ya yi mata riga wadda babu masaƙin da zai saƙa irinta. A ƙarƙashin manyan gashin da muke gani akwai waɗansu ƙanana masu laushi kamar auduga. In sanyi ya taso sai ta buɗa gashinta, ta kumbura, iska ta maƙale a tsakani, zafin jikinta ya ɗumama iskar, ta zama mata bargo. In kun lura za ku ga ta cusa baki cikin gashin bayanta, ta ɗage ƙafa ɗaya ta ɓoye, ko kuwa ta kwanta bisa sanda ta rufe yatsunta da cikinta. Wanda bai sani ba sai ya ce wahala take sha, alhali kuwa dabararta take yi. Har wa yau kaji suna matsuwa da juna da dare, kowace tana ɗumama 'yar'uwarta.

To, wane irin sanyi ne namu? Mu da muke rawar ɗari muna kaɗa haƙora muna tsammani ya kai matuƙa, amma ma'auni ba ya jin tausayinmu. A Yelwa, cikin Disamba da Janairu, zafin iska yakan sauka kusan digiri 15 da asuba, wani daren ya ɗan yi ƙasa da haka, da rana kuma ya haura 30. Ruwa ba ya daskarewa sai a digiri 0, mu kuwa ko kusa ba mu zuwa can. Masana kiwon kaji sun ce yanayin da kaza ta fi jin daɗi shi ne tsakanin digiri 18 da 24. Ashe daren hunturunmu kaɗan ne ya gaza abin da take so. A ƙasashe irin su Kanada da Rasha, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni, mutane da yawa suna kiwon kaji a bayan gida ba tare da wuta ba, muddin ɗakin busasshe ne kuma iska ba ta busa su kai tsaye. Abin da masu kiwon can ke tsoro shi ne ƙanƙara ta cinye zankon zakara ko yatsunsa, wannan kuwa ciwo ne da ba mu san shi ba. In kazar Kanada ta kwana lafiya ruwan shanta ya zama dutse, ina dalilin da zai sa kazar Shanga ta mutu don digiri 15?

Akwai abu ɗaya da ya bambanta mutanen bakin tabki da na tudu, ya kamata mu tsaya a kansa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, kogin Kwara ya kwanta ya zama tabki mai tsawon wajen kilomita 135, ya cinye tsohuwar Busa da gungaye da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sāke musu matsuguni. Tabkin nan kuwa a cike yake da hunturu, gama baƙin ruwan da ke gangarowa daga can ƙasashen Gini da Mali a lokacin yake isowa. Ruwa mai yawa ba ya hucewa da sauri kamar ƙasa, saboda haka daren bakin tabki bai kai na tudu sanyi ba in an bi ta ma'auni. Amma yana da abu biyu da ke sa a ji shi ya fi cizo. Na ɗaya, iska tana gudu bisa ruwa babu itace babu gida da zai tare ta. Na biyu, akwai laima da raɓa. Waɗannan biyu su ne abokan gābar kaza na gaskiya. Iska mai ƙarfi tana buɗe gashinta ta kwashe ɗumin da ta tara, ruwa kuma in ya jiƙa gashin sai ya manne, bargon ya tashi aiki. Busasshiyar kaza cikin sanyi lafiya take, jiƙaƙƙiya cikin iska ita ce abin tausayi. Maganin wannan kuwa zana ne da busasshen ƙasa, ba kasko ba.

Yanzu mu koma ga kajin gwaggo. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga sosai, yana fid da wata iskar guba wadda masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, don haka ba a farga da ita. In an shaƙe ta sai ta shiga jini ta kama wurin da iskar oksijin ke zama, kuma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Jiki ya yi ta numfashi amma ba ya samun abin da yake nema, sai jiri, sai barci, daga nan sai mutuwa. Mutane ma haka take yi musu, kowace shekara akan ji labarin waɗanda suka kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki ba su tashi ba. Tsuntsu kuwa ya fi mutum saurin kamuwa, domin ban da huhu yana da waɗansu jakunkunan iska a cikinsa, numfashinsa yana zuƙe abin da ke cikin iska fiye da namu. Saboda haka ne masu haƙar kwal a Ingila suka daɗe suna shiga rami da kanari cikin keji, in suka ga ya faɗi sai su gudu tun guba ba ta kai gare su ba. Ba su bar wannan al'ada ba sai a 1986, da na'ura ta maye gurbinsa. To, gwaggo ta haɗa garwashi da tsumma a bakin ƙofa. Da ta ƙara garwashin kamar yadda ta yi niyya, da ko ɗaya ba za ta fitar da rai ba.

Ko ba a sa gawayi ba, toshe akurki ruf illa ce. Kaji suna fid da tururi da numfashinsu, kashinsu kuma yawancinsa ruwa ne, yana ta da wata iska mai yaji da ake kira amoniya. In babu mafita sai su taru, ɗaki ya yi gumi, idanun kaji su yi ruwa, maƙogwaronsu ya ƙuje, ciwo ya sami ƙofar shiga. Gwajin wannan ba wuya. Ku shiga da asuba kafin a buɗe, ku durƙusa har hancinku ya zo daidai kan kaza. In idonku ya yi yaji, to, su da suka kwana ciki fa?

Sai gobara, wadda ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya taɓa ganin ƙauye ya ci wuta da hunturu. Komai ya bushe ƙayau, akurki na kara ne ko na zana, jinka a sama, ga rumbu kusa cike da sabuwar dawa da shinkafa. Kaza kuwa ba ta da hankalin wuta. Tana firgita da dare don ɓera ya wuce, ta yi fiffike, ta ture fitila. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Wani abu kuma da ba mu taɓa tunani ba sai da muka karanta: kaza tana sabawa da sanyi a hankali, in hunturu ya shigo da kaɗan kaɗan jikinta yana daidaita kansa, cinta ya ƙaru. Wadda ake hura wa wuta ba ta samun wannan sabo. Garwashi kuma yakan mutu cikin sulusin dare na ƙarshe, sanyi kuwa gab da fitowar rana ya fi tsanani. Ka ga an ɗumama ta sa'ad da ba ta bukata, an bar ta sa'ad da sanyi ya kai ƙarshensa. Wani zai ce, ai mu ne maƙwabtan Kainji, a sa ƙwan lantarki mana. Gaskiya ne daga ruwanmu ake samun wutar, amma ba kowane ƙauye waya ta kai ba, inda ta kai ma takan ɗauke ba sallama.

Abin da babbar kaza ke so da hunturu kaɗan ne, kuma duk yana gida. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, sai a kare waɗannan ɓangarori biyu da zana ko buhu ko asabari, ƙofa ta dubi kudu ko yamma. A bar 'yar kafa a sama, bisa kawunansu, ta yadda gumi zai fita iska kuma ba za ta sauka a kansu ba. A shimfiɗa buntun shinkafa ko ƙaiƙayi a ƙasa, kaurin kamar faɗin tafin hannu, a riƙa juya shi, in ya jiƙe a kwashe a kai gonar albasa, gama taki ne mai kyau. Buntu kuwa ba abin nema ba ne a ƙasar da ake casar shinkafa kowane gida. A gitta musu sanda mai ɗan faɗi su hau, domin ƙasa ita ke tsotse ɗumi. Da maraice a watsa musu tsabar dawa ko masara su kwana da ciki cike, wannan ita ce wutar da ta dace da su. Da rana ta fito a ɗage zanan, domin wanda ya rufe don digiri 15 in ya manta zai iske su suna haki a digiri 33. Ruwan sha kuma kada ya yanke. Mutane suna tsammani da sanyi ba a jin ƙishirwa, alhali iskar hunturu ta fi kowace iska busar da maƙoshi.

Sai dai akwai waɗanda za a ɗan duba da idon rahama: kazar da ke sāke gashi jikinta ya yi fili, da mai wuya ba gashi, da mai murɗaɗɗen gashi wanda ba ya kwanciya, da marar lafiya. Waɗannan ma ba wuta za a ba su ba, a sa su kusurwar da iska ba ta kaiwa, a ƙara musu shimfiɗa.

Maganar ɗan tsako daban take, a nan ne masu cewa a hura wuta suka yi gaskiya. Ƙwai yana kwana 21 ƙarƙashin uwa cikin ɗumi mai kusan digiri 38. Ran da ɗan tsako ya fito, ba shi da gashi sai ɗan furfura mai laushi, jikinsa ƙarami ne yana zubad da zafi da sauri, kuma bai iya riƙe zafin kansa ba sai ya yi kamar mako 2. A makon farko yana son digiri 32 zuwa 35 a inda yake kwance. Daga nan a riƙa ragewa kamar digiri 3 kowane mako, har mako na 5 ko na 6, sa'ad da gashi ya rufe shi. Ku gwada 33 da 15, ku ga tazarar. Abin da babba ba ta ko kula da shi ba, shi ne ajalin ƙarami.

In yana da uwa, an huta. Babu injin da ya kai ta, tana iya rufe 10 ko 12, ta san lokacin da za ta kira su, ba ta cin kananzir. Laifinta ɗaya, ba ta da haƙuri. Gari na wayewa sai ta ja su cikin ciyawa mai raɓa, su jiƙe, na baya ya gaji ya kwanta. Don haka a kife ta da su da babban kwando, ko a bar su a rufe har rana ta busad da raɓa, a ba su tsaki da ruwa a nan. Wannan kuma yana rage rabon shirwa.

Marasa uwa su ne waɗanda ake sayowa 'yan kwana ɗaya cikin kwali, yawancinsu daga gidajen ƙyanƙyasa na wajen Ibadan, ko irin kajin ƙwai na Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya. Kiwonsu ya yaɗu a Yelwa da Wara da sauran garuruwa, har ma'aikata da matan aure suna yi a bayan gida. Sun sha doguwar tafiya a mota kafin su iso, saboda haka a ɗumama wurin tun kafin zuwansu, a fara ba su ruwa mai ɗan sukari kafin abinci. In gawayi za a yi amfani da shi, a hura shi a waje har hayaƙi ya ƙare ya zama jan garwashi, a zuba cikin tukunyar ƙasa mai 'yan huji, a ɗora ta bisa bulo, a kewaye ta da waya yadda ba za su taɓa ta ba, buntu kuma ya yi nisa da ita. A kewaye su da kwali ko tabarma, da'ira ba mai kusurwa ba, domin a kusurwa suke taruwa su danne juna. Sa'an nan, wannan shi ne abin da ya fi kome, a bar taga ko kafa a buɗe a sama. Jan garwashi ma yana fid da gubar nan ko da ba a ga hayaƙi ba. Fitilar ƙwai tana isa ga 'yan kaɗan, in an rataye ta ko an kafa ta yadda ba za ta faɗi ba.

Ga wanda ke da 10 ko 20 kaɗai, akwai hanyar da ba wuta ko kaɗan. A sami akwati, a jera busasshiyar ciyawa ko tsumma a jikin bangonsa da murfinsa, a huda 'yan kafofi a sama, a sa su ciki da dare, ɗumin jikinsu ya taru ya riƙe su. An gwada irin wannan akwati a ƙauyukan ƙasar Habasha, ya yi amfani. In sanyi ya yi yawa a cika kwalba ko jarka da ruwan zafi, a naɗe da tsumma, a ajiye musu a tsakiya su jingina.

Ma'aunin zafi yana da kyau in akwai, amma 'yan tsakin da kansu sun fi shi faɗin gaskiya. In kun ga sun dunƙule jikin tukunya, suna hawa kan juna suna kuka mai ƙarfi, sanyi suke ji. In sun gudu can gefe, baki buɗe, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. In duk sun koma ɓangare ɗaya, iska ce ke shigowa ta ɗaya ɓangaren, a nemi kafar. In kuwa sun bazu ko'ina, wannan na ci, wancan na barci, suna 'yar ƙaramar murya, to, a bar su haka, a je a kwanta. Amma mai 'yan tsaki da hunturu ba ya barci ɗaya, sai ya tashi kafin asuba ya duba garwashi.

Saura babbar tambaya, wadda ita ce hujjar gwaggo da magoya bayanta. In ba sanyi ke kashe manyan kaji ba, me ya sa da hunturu ake wayi gari a ga akurki ya zama kango, gida bayan gida, har ƙauye ya rasa zakaran da zai yi cara? Mutuwar gaskiya ce, dalilin ne aka ɗora wa wanda bai ci ba. Yawancinta aikin wata annoba ce da likitoci ke kira ciwon Niyukasil, da sunan garin Ingila inda aka gan ta a 1926, shekarar da aka gan ta kuma a tsibirin Jawa. A Nijeriya an tabbatad da ita a farkon shekarun 1950. Alamunta kowa ya san su ko bai san sunan ba: kaza ta yi zugum, fukafukai su zube, ta riƙa buɗe baki tana neman iska, zawo kore, wadda ta daɗe kuma wuyanta ya murɗe ta yi ta juyi. Ƙwayar cutar tana daɗewa da rai cikin sanyi fiye da cikin zafin rana, ƙurar hunturu tana ƙuje hanyar numfashi, ga shi kuma lokacin ne kasuwar kaji ta fi ci saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Wanda ya ga kajinsa sun fara sai ya yi maza ya kai sauran kasuwa da araha, mai son banza ya saya ya kai gida, jirgin ruwa ya haye da cutar daga wannan gaɓa zuwa waccan. In an cusa kaji a rufaffen ɗaki mai ɗumi da gumi, an taimake ta ne kawai ta gama da su da wuri.

Ba ta da magani in ta kama. Kafso da barkono da sassaƙen itatuwan da ake jiƙa musu ba su kashe ƙwayar, wadda ta tashi dama mai tashi ce. Amma tana da rigakafi mai araha. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a can tun 1924, tana yin irinsa. Akwai LaSota, wanda ke son a riƙe shi cikin sanyi har lokacin amfani, akwai kuma wanda ake kira I-2, wanda ya fi jure zafi, shi ya fi dacewa da ƙauyen da babu firiji. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido. A yi shi ga masu lafiya tun kaka, cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin hunturu ya shigo, a maimaita bayan wata 3 ko 4. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai maƙwabta su haɗu, wannan kuwa aiki ne da malamin makarantar ƙauye zai iya tsayawa a kansa. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin na gida. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a tabki ko a bola.

Mutanen bakin ruwa su ƙara da lura da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya cikin Fabrairu 2006 a jihar Kaduna. Da hunturu ne tsuntsayen ruwa masu ƙaura ke zuwa daga Turai su sauka a tabkuna da fadamun ƙasarmu, agwagin gida kuma suna iyo tare da su da rana, su komo su kwana da kaji. A raba makwancinsu. In kaji suka fara faɗuwa da yawa farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, kada a yanka a ci, a gaya wa ma'aikacin dabbobi, gama wannan tana iya kama mutum.

Waɗansu sun ce mana suna kunna fitila ne don ƙwai ya ƙaru. Abin da ke sa kaza yin ƙwai a nan hasken ne, ba ɗumin ba. Kajin ƙwai na gidan gona suna son haske awa 14 zuwa 16 a yini, yinin Yawuri kuwa cikin Disamba kamar awa 11 da rabi ne. 'Yar fitila mai aiki da hasken rana ta isa wannan, ba ta da hayaƙi, ba ta ta da gobara. Kazar gida dai abinci ne ya fi rage mata ƙwai da rani, domin ƙwari da ɗanyen haki sun ƙare. Masunta suna da sa'a a nan, garin ƙananan kifi da ɓurɓushin banda abinci ne mai gina jiki, muddin ba mai gishiri ba ne kuma bai yi fumfuna ba. Na tudu su tono musu gara.

Wanda zai gina sabon akurki kuma ya tuna hunturu baƙo ne na 'yan makonni, bayansa bazara ce. Cikin Maris da Afrilu ma'auni yakan kai 40 a Yelwa, wani lokaci ya wuce. Kaza ba ta yin gumi, rigar nan da ta cece ta a Janairu ba ta tuɓuwa, ba ta da hanyar huce jiki sai haki. Zafin bazara yana kashe manyan kaji, musamman masu ƙiba na gidan gona, yadda sanyinmu bai taɓa yi ba. Saboda haka a gina da manyan tagogi, a inuwa, in kwano ne a sama a shimfiɗa masa ciyawa. Zana ana rataya shi a Disamba a kwance shi a Fabrairu, bangon da aka toshe da laka kuwa sai an rushe.

Mu dai a namu ɓangaren mun roƙi malaminmu, ya yarda mu rataye ma'auni a ɗakin kajin makaranta, daidai tsayin sandar da suke hawa, 'yan aji biyu su riƙa rubuta abin da ya nuna kowace asuba da kowace azahar har ƙarshen zango. Waɗanda za su tafi Shanga da Wara da gungayen tabki a hutu mai zuwa za su ɗauki aron ɗaya, mu gwada tudu da bakin ruwa da idonmu.

Abokinmu kuwa ya aika wa gwaggonsa da saƙo, ya bayyana mata duk wannan, ya haɗa da kuɗin rigakafi. Amsa ta zo makon jiya ta bakin wani direba. Ta ce ta fid da kasko, ta kare gabas da zana, kajin nan 7 suna nan lafiya, ɗaya ma ta fara kwanci. Amma ta ce a gaya masa kada ya yi tsammani karatunsu ne ya sa, gawayi ne ya yi tsada.